Bakwai Cikin Dubu Biyu

Ƙarfe biyun dare aka kawo shi daga Kakuri,
ya naɗe kamar tabarma a bayan keke mai ƙafa uku,
matarsa Asabe riƙe da takalmansa.
Jatau, tsohon ma'aikacin masaƙa,
shekara ashirin yana ƙulla zaren da ya tsinke,
yau nasa ne ya harɗe a ciki.

Na danna dama, ya ciji leɓe.
Na ce afendis ne, abin da muka saba,
'yar jelar hanjin nan mai tsawon yatsa.
Minti arba'in, na ce wa Sista Rifkatu,
mu cire, mu rufe, mu tashi aiki.

Da wuƙa ta buɗe, bakina ya mutu.
Ba yatsa ba ne.
Abu ne kwance kamar dankalin Hausa,
fata siririya tana sheƙi,
salka ce da aka ɗura har wuya,
abin cikinta kuwa a littafi kawai na san shi:
ya fi karkashi yauƙi.

Dakta Maiwada ya sha faɗa mana:
wannan in ta fashe, shuka ka yi.
Ɗigo ɗaya iri ne, cikin mutum gona,
bayan shekaru ta tsiro ta shaƙe hanji.
Sai na janye almakashi, na ƙara tsawon yanka,
na tallabe ta kamar ƙwan da ya tsage.
Nan aka ɗauke wuta.
Daƙiƙa tara kafin janareta ya yi tari ya kama.
Na ƙirga su, hannuna bai motsa ba,
babu wanda ya yi ko tsaki.

Ta fito ba ta fashe ba.
Ni ne na kamu da wani ciwon:
ɗakin ajiyar takardu, bayan wurin wanki,
rijistar tiyata ta shekara goma sha ɗaya,
gara ta ci gefe, yoyon kwano ya lashi tawada.
Ni da Malam Dogara, mai duban nama a madubi,
muna bin layi da yatsa har la'asar sakaliya,
shayinmu ya huce a bakin taga, ƙuda na biki.

Dubu biyu da 'yan kai.
Bakwai ne suka ƙi bin sahu.
Biyu ƙwan tsargiya ya toshe,
masu haƙar yashi ne a bakin kogin Kaduna.
Wata ta gangara cikin gwaiwa ta ɓuya.
Wata da ƙari a kanta, bai kai ƙwayar dawa ba.
Sauran ukun dangin ta Jatau ne, masu yauƙi.

Wani abokin aiki ya yi dariya:
zazzaɓi na kwasar yara, kai kana tsintar tsaba?
Ban musa masa ba.
Sai dai a gidan Asabe ba a san dubu biyu ba,
mutum ɗaya ne ke sayo gari, shi ke gyara rufin ɗaki.

Cikin ukun akwai mai lambar waya.
Na kira, 'yarsa ta ɗauka daga Rigasa.
Baba ai ya rasu bara waccan, in ji ta,
cikinsa ya yi ta girma, aka ce sammu ne.
Na koma shafin. Can ƙasa, da jan biro:
ta fashe a hannuna.
Na san rubutun.
Ashe a nan Dakta Maiwada ya sayi karatun
da ya ba mu kyauta, bai taɓa faɗin kuɗinsa da baki.

Jiya Jatau ya dawo cire zare.
Ya roƙa a nuna masa kwalbar,
ya daɗe yana kallo, ya ce, ke ce?
Sannan ya ɗaga riga, ya bi tabon da ɗan yatsa,
idon masaƙa bai tsufa ba:
Likita, Allah ya biya,
amma nan wajen ka ɗan karkace a ɗinki.